Shan Inna: Mun Daɗe Muna Zargin Mai Kyauta, Ga Shi Ya Fara Naɗe Tabarmarsa

Rubutun wannan makon zai ɗan yi tsawo. A yi mana haƙuri a kai ƙarshensa kafin a fara jifa.

Akwai wata tambaya da duk wanda ya tashi a Arewa ya taɓa jin ta. Mun ji ta a teburin mai shayi, mun ji ta a bakin kawunnanmu, mun ji ta a soron gida duk lokacin da 'yan polio suka yi sallama da akwatin sanyinsu a kafaɗa da alli a hannu. Magidanci zai gyara zama ya ce: "Yarona yana kwance da zazzaɓi, in na kai shi asibiti sai na yanki kati, na sayi magani, na sayi sirinji, har safar hannun likita ni zan saya. To don me wannan ɗigon shi kaɗai ake biyo ni da shi har tsakar gida, kyauta, a haɗa min da alewa da sabulu?"

A ganinmu tambaya ce ta mai hankali. Wanda ya yi ta ya dubi rayuwarsa ne ya ga abu bai daidaita ba. Kuskuren da aka daɗe ana yi shi ne amsa ta da tsawa, ko da barazanar kai mutum gaban mai unguwa, ko da tallar rediyo mai waƙa. Amsarta tana nan, kuma ba mai wuyar fahimta ba ce. Abin da ya sa muka ɗauko ta yanzu shi ne, kyautar da muka shafe shekaru muna juya ta muna shinshinawa, masu bayar da ita sun fara ƙirga abin da ya rage a aljihunsu.

Mu fara da ita kanta cutar. Sunanta ma ya nuna yadda kakanninmu suka ɗauke ta: Inna ce, aljanar bori, ta shanye wa yaro ƙafa. Yaro ya kwana da zazzaɓi, bayan kwana biyu a tsayar da shi ƙafa ta lanƙwashe, babu rauni babu kumburi. Wanda bai san ƙwayar cuta ba me zai ce in ba iska ba? Yau mun san ƙwayar bairos ce da ke shiga ta baki, ta zauna a hanji ta hayayyafa, ta fita ta bayan gida, ta koma bakin wani yaron ta ruwa ko abinci ko hannun da ba a wanke ba. Akasarin yaran da suka kamu ba a ma ganin komai a jikinsu. Kusan ɗaya cikin 200 ne take kai wa ga lakar baya ta shanye masa gaɓa har abada, kuma cikin waɗanda ta shanye ɗin akwai waɗanda take tsayar musu da numfashi su rasu. Ma'anar wannan lissafin ita ce, duk inda aka ga yaro ɗaya ya shanye, akwai ɗaruruwa a kewayensa da ke ɗauke da ƙwayar suna yawo da ita lafiya ƙalau. In ta riga ta shanye ƙafa kuwa, babu allura ko tiyatar da za ta dawo da ita yadda take.

To ga inda amsar kawu take. Zazzaɓin cizon sauro yana da sauro. Ko an warkar da kowa a gari, damina na zuwa zai dawo. Ita kuwa ƙwayar shan inna ba ta da maɓoya sai jikin ɗan Adam. Ba ta zama a jikin akuya ko kaza ko sauro, kuma ba ta daɗewa a waje. Idan aka wayi gari babu yaron da za ta shiga hanjinsa, ta mutu ke nan a duniya baki ɗaya. An taɓa yin haka da cutar agana, wadda tsofaffinmu har yanzu wasunsu ke ɗauke da zanenta a fuska. A shekarar 1980 aka shelanta cewa ta ƙare, kuma yau babu ƙasar da ke kashe ko sisi wajen yi wa yaranta lambar agana. Wannan ribar ce ƙasashe masu kuɗi suka hango. Muddin akwai shan inna a Sakkwato ko a Peshawar, dole Amurka da Ingila su ci gaba da yi wa yaransu rigakafi, domin jirgin sama ba ya tambayar fasinja abin da ke hanjinsa. Saboda haka ba sai mun ɗauke su waliyyai ba. Suna da tausayi a ciki, suna da buƙatar kansu a ciki, kuma buƙatar tasu ta zo daidai da tamu. A kasuwa ma ciniki mafi aminci shi ne wanda ka san ribar da abokin cinikinka yake nema.

Su wa ke biyan kuɗin? Wannan ɓangaren ne aka fi yi mana ƙarya a kansa, kuma shi ne ya fi ba mu kunya in muka duba shi da kyau.

Labarin ya faro ne da talakawan Amurka. Shugabansu Franklin Roosevelt ya shanye daga ƙugu zuwa ƙasa tun 1921, yana da shekara 39. A 1938 ya kafa gidauniyar yaƙi da cutar, aka roƙi jama'a kowa ya aiko da tsabar santi goma, kuɗin da yaro zai iya ragewa daga na alewarsa. Ambulan-ambulan suka riƙa zuwa fadar White House har ma'aikatan wasiƙu suka rasa inda za su sa su. Wannan gangamin shi ake kira March of Dimes. Iyaye mata suka riƙa bi gida-gida suna karɓar taro da sisi. Suna da dalili: a 1952 kaɗai cutar ta kama mutum kusan 58,000 a ƙasar, sama da 3,000 suka mutu. Da wannan canjin aka biya binciken Jonas Salk, aka gwada allurarsa a kan yara sama da miliyan ɗaya a 1954, aka sanar da nasararta a watan Afrilun 1955. A lura da wannan: yaran farko da aka fara yi wa rigakafin shan inna 'ya'yan Turawa ne, iyayensu ne suka sa hannu. Bayan wasu shekaru Albert Sabin ya fito da na ɗigawa a baki, wanda muka sani, mai arha, wanda ba ya buƙatar sirinji ko likita.

Sai ƙungiyar Rotary. Ƙungiya ce ta 'yan kasuwa da ma'aikata da ke haɗuwa a garuruwansu su yi karo-karo, kamar yadda muke yi a ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai, sai dai su sun kai shekara ɗari suna yi. A 1979 suka ɗauki nauyin rigakafin yara miliyan shida a Filifin. Da suka ga abin ya yiwu, a 1985 suka ƙaddamar da shirin PolioPlus. Shekara uku bayan nan, a 1988, Babban Taron Lafiya na Duniya ya amince a kawar da cutar daga doron ƙasa. A lokacin tana shanye yara kimanin 350,000 duk shekara a ƙasashe 125. Wato kusan yara dubu ɗaya kowace rana. Daga wancan lokacin zuwa yau 'yan Rotary sun zuba sama da dala biliyan biyu, da yawansa daga cin abincin tara kuɗi, da tseren keke, da gwanjon kaya, da asusun da ake ajiyewa a kan kanta. Gidauniyar Gates ta zo daga baya ta ce duk dala ɗaya da Rotary ta tara za ta ɗora biyu a kai, har zuwa dala miliyan 50 a shekara, ya zama miliyan 150. Akwai 'yan Nijeriya a cikin tafiyar. Dakta Tunji Funsho, likitan zuciya, shi ya jagoranci kwamitin PolioPlus na ƙasar nan, har mujallar Time ta sa shi cikin mutum 100 masu tasiri na 2020.

Kuma ba Turawa kaɗai ba ne, ko da yake masu yaɗa jita-jita ba sa son a faɗi wannan. Bankin Raya Ƙasashen Musulmi ya ba Pakistan rancen kuɗin rigakafi. Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta daɗe tana ɗaukar nauyin gangami a can. A 2024 Saudiyya ta yi alƙawarin dala miliyan 500. Alhazanmu ma shaida ne. Hukumomin Saudiyya sun daɗe suna sa sharaɗin rigakafin shan inna a kan maniyyatan da suka fito daga ƙasashen da cutar ke yawo, mu ma muna ciki. Dattijon da ya kori 'yan polio daga ƙofar gidansa, shi ne zai buɗe baki a ɗiga masa a sansanin alhazai ko a filin jirgin Jidda, bai ce uffan ba.

Ba za mu tsallake 2003 ba, ko da yake yawancinmu a wannan zauren muna goye ko muna rarrafe a lokacin. A shekarar ce Kano da Zamfara da Kaduna suka dakatar da rigakafin, bayan wasu shugabanni, ciki har da Dakta Datti Ahmed na Majalisar Ƙoli ta Shari'a, sun ce suna zargin an sa masa sinadarin hana haihuwa. Sauran jihohin suka dawo da wuri. Kano, ƙarƙashin Malam Ibrahim Shekarau, ta tsaya sai a tsakiyar 2004, bayan an yi gwaje-gwaje kuma an kawo maganin daga Indonesiya, ƙasar Musulmi.

Masu rubutu daga waje suna son ba da wannan labarin kamar na wasu jahilai da suka tsorata da inuwarsu. Ba haka yake ba. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada wani sabon magani mai suna Trovan a Kano, a gwajin da ya shafi yara kusan 200. Goma sha ɗaya suka rasu, wasu suka nakasa, iyaye suka ce ba a yi musu bayanin cewa gwaji ne ba. Aka yi ta shari'a har 2009 kafin kamfanin ya amince da sulhun dala miliyan 75 da gwamnatin Kano. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Ga kuma yaƙin Iraƙi da aka fara a shekarar ta 2003. Mutanen Pakistan ma suna da nasu micijin: a 2011 hukumar leƙen asirin Amurka ta CIA ta shirya rigakafin bogi na ciwon hanta a Abbottabad don neman Usama bin Laden. Bayan asirin ya tonu, ma'aikatan polio na gaskiya ne suka biya da rayukansu, kuma har yau ana harbin su da 'yan sandan da ke raka su.

Duk wannan gaskiya ne. Amma gaskiyar ba ta tsaya nan ba. Tsoron yana da tushe, sai dai abin da aka ji tsoron bai tabbata ba, kuma wanda ya biya kuɗin tsoron yaro ne da ba a shawarce shi ba. Cikin 'yan shekaru bayan dakatarwar, ƙwayar da ta tashi daga Arewacin Nijeriya ta shiga ƙasashe kusan 20 da suka riga suka rabu da ita. Ta bi Nijar da Chadi da Sudan, ta tsallaka Yaman, ta kai har Indonesiyar da muka je sayo magani. A gida kuwa, adadin yaran da suka shanye ya haura dubu a 2006. Waɗannan yaran sa'o'inmu ne. Wasunsu mun yi makarantar allo tare, mu muna gudu su suna jan gindi. Maganar hana haihuwa kuwa, ga amsarta nan a bainar jama'a: 'yan matan da aka ɗiga wa a 2004 da 2005 su ne amaren da muke cin shinkafar bikinsu, su ne muke zuwa sunan 'ya'yansu. Jihohin da aka fi yi wa zagayen rigakafin nan su ne har gobe kan gaba a yawan haihuwa a ƙasar nan.

Abin da ya juya lamarin, sai da aikin ya shigo hannun mutanen gida. Sarakuna suka shiga, Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar ya jagoranci 'yan uwansa, marigayi Sarkin Kano Ado Bayero ya ɗiga wa yara da hannunsa a gaban jama'a. Malamai suka yi bayani a kan mumbari. Gidauniyar Ɗangote ta sa kuɗinta. Waɗanda cutar ta shafa da kansu, irin masu ƙera kekunan guragu a Kano da 'yan ƙwallon guragu, suka riƙa bin tawaga. In magidanci ya yi gardama sai ɗayansu ya matso da kekensa ya ce masa, "Alhaji, dube ni." Sannan ga mata dubbai, unguwar zoma da matan aure da 'yan mata masu neman na makaranta, da suka riƙa shiga inda namiji ba zai shiga ba, cikin rana, a kan kuɗin da bai taka kara ya karya ba. A watan Fabrairun 2013 'yan bindiga suka harbe tara daga cikin masu wannan aikin a wasu ƙananan asibitoci biyu a Kano. Allah ya jiƙansu. Babu titin da muka sani da sunansu. Mu marubuta ma, da muke cika littafi da labarin 'yar mai kuɗi da direbanta, ba mu ga labari a rayuwar waɗannan matan ba. Gurgu a yawancin rubutunmu ko almajiri ne a bakin danja, ko mugun da alhaki ya kama a babin ƙarshe. Wannan laifinmu ne, mun karɓa.

A 2012 sama da rabin masu shan inna na duniya a Nijeriya suke. A watan Nuwamban shekarar aka ga nau'i na uku na ƙwayar a karo na ƙarshe a duniya, a jihar Yobe. A 2016 aka ga na ƙarshe na ƙwayar asali a ƙasar nan, a Borno, a yankunan da Boko Haram ta hana shiga. Ranar 25 ga Agustan 2020 kwamitin da Farfesa Rose Leke 'yar Kamaru ta jagoranta ya shelanta cewa Afirka ta rabu da ƙwayar asali. Indiya, mai mutum sama da biliyan, ta riga mu, nata na ƙarshe a Janairun 2011 ne. Saura ƙasa biyu, Pakistan da Afganistan. Wani abin da ba a cika faɗa ba: lokacin da Ebola ta shigo Legas a 2014, ƙwararrun da tsarin polio ya horar da salon cibiyarsa ta gaggawa aka ɗauko aka bi sawun masu cutar har aka shawo kanta.

Nan kawu zai sake gyara zama ya ce, "To ai kun ce ta ƙare. Me suka dawo yi?"

Wannan ma tambaya ce da ake kauce mata, kuma kaucewar ce ke ba masu jita-jita abinci. Ɗigon da ake ba yara ƙwayar cutar ce mai rai da aka raunana. Tana shiga hanji ta koya wa jiki faɗa, sannan ta fita ta bayan gida. A unguwar da kusan kowane yaro ya samu rigakafi, tana fita ta rasa wurin zama ta mutu. A unguwar da aka yi wa uku aka bar bakwai, ga kwata a buɗe, ga bayan gida a fili, sai ta riƙa tsalle daga wannan yaron zuwa wancan wata da watanni, tana sauya kama, har ta dawo da ƙarfin da aka cire mata ta shanye wanda ba shi da kariya. Ita ce ake fama da ita yanzu a Sakkwato da Zamfara da Katsina da Kebbi da Kano, da maƙwabtanmu Nijar da Chadi. A 2021 ta kama yara sama da 400 a Nijeriya. A shekarar ce kuma aka fara amfani da sabon ɗigon da aka gyara don ya yi wuyar rikiɗewa, kuma a Nijeriya aka fara. Wani zai ji wannan ya ce ashe dai maganin ne ke kawo cutar. A'a. Yaron da ya samu cikakken rigakafi ba ta taɓa shi. Wanda aka ɓoye a ƙuryar ɗaki ko aka tura gidan kaka ranar zagaye shi take samu. Irinta ce ta shanye wani saurayi da ba a yi wa rigakafi ba a jihar New York a 2022, aka kuma gano ta a ruwan masai na Landan a shekarar. Irinta ce ta shanye jariri ɗan wata goma a Gaza a 2024, bayan shekara 25 ba a ga cutar a can ba, saboda yaƙi ya rusa asibiti da famfo. Ita ma ƙwayar asali ba ta san iyaka ba: daga Pakistan ta ɓulla a Malawi da Mozambik tsakanin 2021 da 2022. A duniya baki ɗaya an sauko har zuwa mutum shida a 2021, sai ga shi a 2024 Pakistan da Afganistan sun koma kusan ɗari.

Yanzu mu zo kan tabarmar da ake naɗewa. A Janairun 2025 gwamnatin Amurka ta sanar da ficewa daga Hukumar Lafiya ta Duniya, ta kuma rushe hukumarta ta ba da agaji, USAID. Ingila da wasu ƙasashen Turai sun rage abin da suke warewa na tallafi. Masu tafiyar da shirin kawar da shan inna sun sanar da cewa kasafinsu na 2026 zai ragu da kashi 40 cikin 100. A aikace wannan yana nufin ƙarancin zagaye, ƙarancin masu ɗibar ruwan kwata su kai ɗakin gwaji, ƙarancin man babur ɗin da zai kai magani rugar da ke bayan dutse. Mai kyauta ya yi niyyar gamawa a shekarar 2000. Ya ƙara shekara 25 a kai. In ya gaji ba za mu kai shi ƙara ko'ina ba.

Sai mu dubi kanmu. Mu mutane ne masu hannun kyauta, wannan ba a musu. A zaurukan sada zumunta irin wannan, an sha sa hoton mara lafiya da lambar asusu a tara miliyoyi kafin gari ya waye. Da azumi ana ciyarwa. Attajiranmu suna raba kekunan guragu a gaban kyamara. Allah ya saka. Amma kyautarmu ta fi son abin da ido ke gani: mai ciwo a kwance, gini mai hasumiya, kujerar Umara. Yaron da bai shanye ba ba shi da hoto. Ba wanda zai zo ya durƙusa ya gode maka don ƙafar ɗansa ba ta lanƙwashe ba, domin shi kansa bai san an tsallake da shi ba. Shi ya sa za ka samu unguwa mai masallatan Juma'a biyu suna kallon juna, amma firjin ajiye rigakafi na ƙaramin asibitinta ya mutu tun bara saboda batirin sola. Tsohuwar da ke wani ƙauye a Kanada ta toya biredi ta sayar don a ɗiga wa jikanmu magani, mu kuma muna zaune muna binciken niyyarta. Malamai su ne za su faɗi inda zakka ta halatta da inda ba ta halatta ba, ba mu da ta cewa a nan. Amma sadaka da waƙafi ƙofarsu a buɗe take, kuma ba mu ga abin da zai hana ƙungiyar 'yan kasuwar Kwari ko ta Singa, ko ƙungiyar tsofaffin ɗalibai, ɗaukar nauyin firji da sola na asibitin mazaɓa ɗaya ba.

Gwamnati kuwa nata ya fi girma. A Abuja aka zauna a 2001 shugabannin Afirka suka yi alƙawarin ware kashi 15 cikin 100 na kasafi ga lafiya. Gwamnatin tarayyar da ta karɓi baƙuncin taron ba ta taɓa cika shi ba. Nijeriya ce kan gaba a duniya wajen yaran da ko allura ɗaya ta rigakafin yau da kullum ba a taɓa yi musu ba, sama da miliyan biyu, mafi yawansu a wajenmu. Sakamakon mun gan shi da mashaƙo a Kano a 2023, cutar da akwai rigakafinta tun zamanin kakanninmu. Ƙorafin kawu na cewa asibiti babu magani a nan ya kamata ya sauka, a kan kansila da ciyaman da ɗan majalisa da gwamna. Ba Rotary ce ta ci kuɗin maganin zazzaɓi ba.

Saboda haka ba mu tare da sabon salon da ya shigo, inda unguwa za ta haɗa baki ta ce ba za a ɗiga wa yaranta ba sai an gyara titi, ko an kawo taransifoma, ko an saka su a rabon tallafi. Mun fahimci dalilin. Talaka ya gano cewa wannan ne kaɗai abin da hukuma ke nema a wajensa da gaske, sai ya mai da shi abin ciniki. Amma dubi abin da aka ajiye jingina. Ƙafar ɗanka ce. Ciyaman ɗin da kake son ya ji zafi, nasa yaran an yi musu tun a asibitin kuɗi. In titin bai zo ba, kai ne za ka riƙa goya yaro kana tsallake kwatar.

Haka kuma ba za mu rufa wa wasu ma'aikatan asiri ba. Akwai waɗanda ake haɗa baki da su a shafa wa yaro tawada a ɗan ƙaramin yatsa ba tare da an ɗiga masa komai ba, a rubuta a bango an yi, uwa ta huta da fushin maigida, ma'aikaciya ta cika takarda ta tafi. Mun taɓa ganin an yi haka a wani gida a layinmu, ana dariya ana cewa an yi wa gwamnati wayo. Wannan ya fi ƙin karɓa muni, domin wanda ya ƙi an san da shi za a dawo masa da mai unguwa ko liman, wanda aka shafa wa tawadar ƙarya kuwa ya ɓace daga lissafi. A ofis za a ga kashi casa'in da wani abu, a kwata kuma ƙwayar tana nan. Sai dai kafin a tsine wa ma'aikaciyar, a tambayi wata nawa take bin bashin alawus ɗinta, a kuma tambayi wa ya cusa sunan ƙanwarsa a jerin masu aikin alhali ba ta taɓa fita ba.

Ranar 24 ga Oktoba ce ranar shan inna ta duniya. Za a yi tattaki, a sa jar riga, a ɗau hoto. Mu abin da muke roƙon 'yan wannan zaure bai kai haka wahala ba. A cikinmu akwai iyaye, akwai yayye da kawunnai da gwaggwanni. Kowa ya nemi katin rigakafin yaran gidansu 'yan ƙasa da shekara biyar ya duba da idonsa, domin ɗigon gida-gida ƙari ne a kan na asibiti, kuma a asibitin ne ake yin na allura da ke ƙara ƙarfin kariyar. In an zo zagaye a tsaya a ga ɗigo biyun sun shiga baki kafin a miƙa yatsa. Wanda yake da hali ya leƙa ƙaramin asibitin mazaɓarsu ya tambayi jami'in da ke wurin ko firjinsu yana aiki, da ranar da suke rigakafi, da abin da suka rasa. Ku kawo mana abin da kuka gano a ƙarƙashin wannan rubutun, da sunan mazaɓa kawai, ban da sunan kowa. In amsoshin sun taru za mu haɗa su wuri ɗaya mu san ƙofar da za mu ƙwanƙwasa da su.

Masu ganin akasin abin da muka faɗa, fili naku ne, a dai zo da hujja kuma ban da zagi.